Jitar Gibson Mai Sunan Nick Lucas: Tarihinta da Siffofinta

 

Mas'alar da aka ɗora mini in yi bayani a kanta yau ita ce tarihin wata jita guda ɗaya, wadda kamfanin Gibson na ƙasar Amurka ya ƙera a ƙarshen shekarun 1920, ya kuma sa mata sunan wani mawaƙi da ake kira Nick Lucas. Na san ba za a rasa wanda zai ce a ransa, ina ruwan majalisar ilmi da akwatin katako mai tsirkiya shida ba. Amsata gare shi ita ce, Abu Nasri Alfarabi, wanda magabata suka yi wa laƙabi da Malami na Biyu, bai ga ƙasƙanci ba wajen auna tsirkiyar udu da lissafa tazarar da ke tsakanin matakanta a cikin babban littafinsa na kiɗa, kuma duk abin da hannun ɗan Adam ya ƙera bisa hikima da awo ya cancanci a tsaya a yi masa nazari. Hukuncin kiɗa a shari'a kuwa fage ne na malaman fiƙihu, su suka fi ni sanin maganganun da aka yi a kansa. Ni abin da na zo da shi tarihi ne da sana'a.

Kun dai ga yadda a wannan zamani ake manna sunan shahararren mutum a kan takalmi da turare da agogo, alhali mai sunan bai san inda aka yanka fatar takalmin ba, balle ya faɗi yadda yake so a ɗinka shi. An sayi sunansa ne kawai kamar yadda ake sayen fili a bango don talla. Abin da nake so in tabbatar muku da hujja shi ne, jitar da muke magana a kanta, wadda ita ce ta fari da Gibson ya taɓa sa wa sunan wani makaɗi, ba ta cikin wannan jinsi, domin buƙatar mai sunan tana nan a jikin katakon, har mutum yana iya ɗaukar magwaji ya auna ta da inci.

Sai mu fara da masu ƙirar. Orville Gibson, wanda aka haifa a jihar Niyok a 1856, ya zauna a garin Kalamazu na jihar Mishigan, yana sassaƙa mandolin da jita shi kaɗai a ɗan shagonsa, kuma ra'ayinsa shi ne a sassaƙa fuskar abin kiɗa daga katako mai kauri har ta yi doro, kamar yadda ake yi wa gogen Turawa. A 1902 wasu 'yan kasuwa biyar na garin suka kafa kamfani da sunansa, shi kuwa ba da daɗewa ba ya koma gefe, ya rasu a 1918, shekara guda bayan kamfanin ya tare a masana'antarsa da ke titin Parsons. Wannan mazhaba ta fuska mai doro ita ce kamfanin ya riƙe da ƙarfi, ta kuma kai maƙurarta a zamanin Lloyd Loar, wanda ya yi musu aiki daga 1919 zuwa 1924, ya fito da jitar nan L-5 da ake sayarwa dala 275. Jita mai shimfiɗaɗɗiyar fuska kuwa, wadda gidan Martin suke ƙerawa tun da kakansu Christian Frederick Martin ya zo daga Jamus ya buɗe shago a 1833, mutanen Kalamazu ba su ɗauke ta da daraja ba, har sai a 1926 da suka fito da 'yan ƙanana guda biyu, L-0 da L-1, masu sauƙin kuɗi, don talakawa da masu koyo.

Shi kuwa mai sunan, an haife shi a birnin Newark na jihar Niyu Jasi ranar 22 ga Agusta, 1897, sunansa na yanka Dominic Nicholas Anthony Lucanese, iyayensa baƙi ne daga Italiya. Wansa Frank shi ya ɗora shi a kan mandolin tun yana ƙaramin yaro, suka riƙa bin gidajen biki da kusurwoyin titi suna kiɗa don taimaka wa gida, kuma daga nan ya ƙware a banjo da jita. To amma kafin a gane darajar abin da ya yi, wajibi ne a san halin da jita take ciki a wancan lokaci. Kafin 1925 babu makirfo a ɗakin ɗaukar faifan garmaho; makaɗa suna taruwa ne gaban wani babban mazurari, sautinsu ya shiga ya girgiza wata 'yar fata, ita kuma ta motsa allurar da ke tsaga kakin zuma. A irin wannan hali, da kuma a ɗakunan rawa inda kakaki da ganguna suke ta amo, wanda ya fi ƙara shi ake ji, saboda haka banjo ce sarauniya, ita da asalinta ke komawa ga molayen Afirka ta Yamma, 'yan'uwan molo da gurmi namu, waɗanda bayin da aka ƙetare teku da su suka tafi da ilmin ƙirarsu a ka. Jita a lokacin abar zaure ce, ta 'yan mata da masu hira.

A wannan yanayi ne Lucas ya shiga ɗakin ɗaukar faifai na kamfanin Pathé a 1922, ya ɗauki kiɗa biyu da jita, babu waƙa, ɗaya sunansa Picking the Guitar, ɗaya Teasing the Frets, waɗanda masana tarihi suke ƙidaya su cikin na farkon farko da aka ji jita tana jan ragamar kiɗan zamani a faifai. Wanda duk ya saurare su yau zai ji mutum yana haɗa amo mai kauri da siriri a bugu ɗaya, yana gudu a kan tsirkiya da ɗan farcen kiɗa cikin tsabta, ba gargada. Bayan haka ya koma Shikago, ya shiga ƙungiyar makaɗa ta Oriole a otal ɗin Edgewater Beach, inda aka fara jin muryarsa a rediyo yana rera waƙa a hankali, da taushi, jitarsa tana raka shi, har kamfanin Brunswick ya ɗauke shi. A 1929 ya fito a fim ɗin Gold Diggers of Broadway, ya rera Tip-Toe Through the Tulips, waƙar da ta zagaye Amurka da Ingila. Miliyoyin mutane a lokacin ne suka fara ganin namiji tsaye cikin kwat a gaban jama'a, rungume da jita, yana neman abincinsa da ita.

A zamansa na Shikago ne wani jami'in ciniki na Gibson mai suna Frank Campbell ya same shi, yana lallashinsa ya ajiye tsohuwar jitarsa ƙirar Galiano, irin wadda Italiyawan Niyok suke yi, ya karɓi tasu. Bisa ga riwayar da Lucas ya bayar da bakinsa a ƙarshen rayuwarsa, bai ce a ba shi L-5 mai tsada ba, sai ya kafa sharaɗi cewa a ƙera masa tasa bisa awonsa: wuya mai ɗan faɗi, gangar jiki ƙarama wadda ba za ta rufe shi a kan dandali ba, gefe kuwa mai zurfi. Ku lura da wannan sharaɗi, domin shi ne matanin laccar nan, saura duk sharhi ne. Kamfanin ya cika sharaɗin, sa'an nan ya ga abin ya yi kyau har ya cancanci a sayar wa jama'a, sai ga ta a littafin hajarsu na 1928, a kan dala 125.

Bari in siffanta muku ita kamar tana gabanmu. Faɗin gangar jikinta, a inda ta fi faɗi, inci 13½ ne a ƙirar farko, daidai da na L-1, ƙugunta a matse, ƙasanta a zagaye. Zurfinta kuwa ya kai inci 4½ ko ɗan sama da haka, wato kusan zurfin manyan jitoci irin dreadnought na Martin, waɗanda faɗinsu ya haura inci 15½. Fuskarta katakon sifurus ne, itacen ƙasar sanyi, marar nauyi amma mai tauri a tsaye. Bayanta da gefenta mahogani ne na Amurka ta Tsakiya, wanda dangi ɗaya ne da maɗacinmu. An yi mata fenti mai duhu a baki-baki, yana washewa zuwa ruwan zuma a tsakiya, an zagaye gefunanta da siririyar farar roba, an kuma dasa ɓawon kodin teku mai ƙyalli a kan allon wuya cikin zane iri-iri, kowane mataki da nasa, abin da masana ke gane ta da shi tun daga nesa. A kanta, inda maɗauran tsirkiya suke, an rubuta The Gibson da rubutun hannu mai lanƙwasa. In ka leƙa ta ramin sauti, za ka ga wata zagayayyiyar takarda manne a ciki, ɗauke da hoton Lucas riƙe da jitarsa. A cikin wuyan kuma akwai sandar ƙarfe da ake ɗaure ta ko a sassauta da sifana don miƙe wuya in ya lanƙwashe, dabarar wani ma'aikacinsu Thaddeus McHugh, wadda aka ba su haƙƙin mallakarta a 1923. Tsawon tsirkiyarta daga sama zuwa jaki, wato ɗan katakon da tsirkiya ke hawa a kan fuska, inci 24¾ ne ko abin da ya yi kusa da haka, ƙasa da na manyan jitocin Martin masu inci 25.4, kuma gajartar nan tana sa tsirkiya ta yi laushi a ƙarƙashin yatsa.

Yanzu sai illa, wato dalilin da ya sa zurfin nan ya yi amfani, kuma a nan ina roƙon ku ɗan ƙarin haƙuri. Tsirkiya ita kaɗai ba ta da murya, domin sirantarta ba ta iya tura iska. Abin da take yi shi ne ta miƙa girgizarta ga jaki, jaki ya miƙa wa fuska, fuska ta motsa iskar waje da ta cikin akwati. Iskar cikin akwatin kuwa tana da nata amon da take amsawa, gwargwadon yawanta da faɗin ramin da take numfashi ta cikinsa, kamar yadda Bajamushen nan Hermann von Helmholtz ya yi bayani a ƙarni na 19. Duk wanda ya taɓa hura bakin kwalba yana yaro ya san babbar kwalba ta fi ƙarama kaurin murya. To ashe hanya biyu ce ake ƙara wa jita iska: ko a faɗaɗa fuska, ko a zurfafa gefe. In aka faɗaɗa fuska, ƙara tana ƙaruwa, amma fuskar takan yi jinkirin amsawa, amon ƙasa kuma ya yi ta ruri har ya danne muryar mawaƙi. In kuwa aka bar fuska ƙarama aka zurfafa gefe, sai a sami amsa mai sauri, kowace tsirkiya ana jinta daban, ga kuma wani kauri da ɗumi a ƙarƙashi wanda ƙaramar jita ba ta saba da shi ba. Lucas bai karanta Helmholtz ba, amma ya san muryarsa siririya ce mai taushi, ya san makirfo ya shigo, ba a buƙatar ihu kuma, ya san yana son abin da zai tallafi murya daga ƙasa ba tare da ya hau kanta ba. Kunnensa ya kai shi inda lissafi ya kai masana, kuma ni wannan ya fi burge ni fiye da dukan adon kodin da ke wuyanta.

Sai dai jitar ba ta zauna a kan siffa ɗaya ba, kuma a nan ne masu tara tsofaffin kaya suke da saɓani mai daɗin ji. A ƙirar farko, wuya yana haɗuwa da jiki a mataki na 12, wato daidai rabin tsirkiya, kamar yadda al'adar jita ta gada daga Sifen. Hakan yana ajiye jaki a tsakiyar faffaɗan ɓangaren fuska, inda katako ya fi motsi. 'Yan itatuwan da ke tokare fuskar daga ciki, waɗanda in babu su jan tsirkiyar ƙarfe mai nauyin kilo 70 ko fiye zai ɓalle ta, an fara jera su ne da siffar harafin H, daga baya aka koma gicciye irin na X, wanda gidan Martin suka daɗe da shi. Wajen 1929 zuwa 1930 aka faɗaɗa jikin zuwa inci 14¾, aka kuma fito da wani abu da ba a saba gani ba, wato wuya mai haɗuwa a mataki na 13, yawanci da baya da gefe na rozwud ɗin Barazil. Dalilin tsawaita wuya shi ne makaɗan banjo da suke ƙaura zuwa jita sun saba da dogon wuya, suna ƙorafin hannunsu ba ya kaiwa ƙasa. Wannan ƙorafi ne ya sa Martin suka yi wa wani makaɗin banjo, Perry Bechtel, jita mai mataki 14 a 1929. A 1934 Gibson ma suka kai ta mataki 14, suka koma katakon mefil mai ratsi-ratsi a baya da gefe, wanda amonsa ya fi kaifi da saurin yankewa. Siffofi duk sun sauya, katako ya sauya, faɗi ya sauya, wuya ya sauya, amma zurfin da Lucas ya nema bai taɓa sauyawa ba. Shi ne zatin abin.

In an tambaye ni wadda na fifita, sai in ce mai mataki 13, duk da cewa waɗansu suna ganinta a matsayin riƙon ƙwarya tsakanin tsohon yayi da sabo. Hujjata ita ce ta bar jaki kusa da wurin da ya fi dacewa, ta ba hannu ƙarin fili, kuma an yi ta a shekarun da Gibson suke fere katako siriri ƙwarai, har jitar takan yi sakayau a hannu. Wannan rashin nauyi shi ne sirrin muryarta, shi ne kuma ajalinta, domin da yawa daga cikinsu fuskarsu ta kumbura a bayan jaki ko ta tsage.

Maganar kuɗi kuwa, dala 125 a 1928 ba abin wasa ba ne, tunda L-1 dala 50 ce, sabuwar mota Ford Model A kuma ana samunta a wajen dala 500. Shekara guda bayan fitowarta kasuwar hannun jari ta Niyok ta rushe, fatara ta game ƙasa, har ta kai Gibson suna sassaƙa kayan wasan yara na katako don kada su rufe masana'anta. Saboda haka ba a yi ta da yawa ba, kuma ƙarancin nan shi ne rabin dalilin tsadarta a yau. Sa'an nan yayi ya juya zuwa manyan jitoci masu ƙara, irin waɗanda mawaƙan karkara suke so: Gibson suka fito da Jumbo a 1934, da SJ-200 mai faɗin inci 17 a ƙarshen shekarun 1930, a wajen 1938 kuma aka cire ta Lucas daga jerin haja. Amma ƙofar da ta buɗe, ta sa wa jita sunan makaɗi, ba ta rufu ba, gama ta nan Roy Smeck ya bi a 1934, Les Paul a 1952, 'yan'uwan nan Everly a 1962.

Akwai wani ƙaramin abu da bai kamata in tsallake ba. A farkon shekarun 1930 kamfanin D'Andrea ya riƙa buga sunan Nick Lucas a kan ɗan farcen kiɗa na roba mai kusurwa uku zagayayyu, wanda ake kira lamba 351, kuma wannan siffa ita ce har yau ta fi yawa a aljihun makaɗan jita na duniya, galibinsu ba su san sunan da ta fara yaɗuwa da shi ba. Wannan yakan tuna mini da makaɗin nan Ziryabu, wanda ya bar Bagadaza ya isa Ƙurɗuba a 822, wanda Almaƙƙari ya ruwaito cewa ya ƙara wa udu tsirkiya ta biyar, ya kuma musanya farcen katako da na gashin mikiya. Tun da can, makaɗin da ya san abin da kunnensa ke nema shi ke gaya wa masassaƙi abin da zai yi.

Bayan shekara kusan talatin da mantuwa, jitar ta sake bayyana a hannun wani saurayi da salonsa ya yi hannun riga da na Lucas, wato Bob Dylan, wanda daga baya aka ba kyautar Nobel ta adabi a 2016. Tasa mai mataki 13 ce, wadda wani ya riga ya kankare mata fenti ya kuma sauya mata jaki, abin da a idon masu tara kaya babban aibi ne. Da ita ya zagaya Ingila a 1965, kamar yadda ake gani a fim ɗin D. A. Pennebaker mai suna Dont Look Back. Muryar Dylan mai kaushi ce, waƙarsa doguwa, kalmominta cunkus, amma buƙatarsa ita ce dai ta Lucas: mutum ɗaya a kan dandali, yana son a ji kowace kalma, jita tana riƙe da shi ba ta shaƙe shi ba. A ganina wannan ita ce shaida mafi ƙarfi a kan ingancin ƙirar, domin ta zo daga wanda ba a biya shi ya yabe ta ba. Shi Lucas kuwa ya ci gaba da waƙa har tsufansa, an ji muryarsa a fim ɗin The Great Gatsby na 1974, ya rasu a jihar Kolorado ranar 28 ga Yuli, 1982. Shekara biyu bayan haka Gibson suka bar Kalamazu, kuma daga masana'antarsu ta Bozeman a jihar Montana suka sake ƙera ta a shekarun 1990.

Wanda Allah ya hore wa har ya yi niyyar mallakar tsohuwa, to ya bi ta da tahaƙiƙi irin na mai binciken isnadi, gama takardar hoto ana iya manna ta a jitar da ba ita ba. Ya auna zurfin gefe tukuna. Ya duba lambar aiki da ake bugawa a gungumen da ke gindin wuya daga ciki, ya sa ɗan madubi da fitila ya ga ko an taɓa matokaran fuska, ya tambayi hannuwan da ta bi kafin ta iso gare shi. Kada ƙaramin bambanci ya tsorata shi, domin Gibson na wancan zamani ba su cika yin biyu iri ɗaya sak ba. In mai rozwud ɗin Barazil ce, ya sani tun 1992 yarjejeniyar CITES ta sa wannan itace a sahun farko na abin da aka tsananta cinikinsa, ba a ƙetare iyaka da shi sai da takarda. Ya ɗaura mata tsirkiya marasa nauyi, ya kuma kiyaye ta daga bushewar iska, don katakon da ya haura shekara 90 ba ya jure abin da sabo ke jurewa.

Ku kuwa ɗalibai, da yawancinku ba za ku taɓa riƙe ta ba, ina roƙon ku ku nemi faifan nan biyu na 1922, suna nan a intanet, ku saurare su da natsuwa, sa'an nan ku saurari Dylan na 1965, ku gwada abin da na faɗa da kunnenku. Hukuncina dai shi ne, a cikin dukan jitocin da aka sa wa sunan mutum daga 1928 zuwa yau, kaɗan ne suka cancanci sunan da ke kansu kamar yadda wannan ta cancanta.